Isufu Ruwa da Langar Buhu

Mutanen Kano sun ɗauka don yana sayar da ruwa ne ake ce masa Isufu Ruwa. Shekara da shekaru yana zuwa musu cin rani, sanda a kafaɗa, garwa biyu na reto, yana bin lunguna yana "ga ruwa, ga ruwa," to me zai hana su ɗauka haka? Amma fa ka faɗa a gabansa ka ga ɓacin rai. Sai ya dire garewanin nan a tsakiyar hanya, ya dube ka sama da ƙasa, ya ce, "Kai, ni tun ban san hanyar garinku ba nake Ruwa." Ya saɓa sandarsa ya wuce, ko da kuwa kai ne mai sayen.

Da gaskiyarsa kuwa. A filin langa ya samo sunan, a Tudun Kanya, wani ɗan ƙauye da ke tsallaken iyaka, bayan Matameye ta hanyar Dawce. Wanda bai taɓa riƙe ƙafa ba, bari a gaya masa. Yara maza ne ke rabuwa gida biyu, kowa ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya kama babban yatsa da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Wanda ya faɗi ko ya saki ƙafa ya mutu, sai ya koma gefe. Kowane gida da ruwansa, wato yaro guda da za a raka har ya kai mashaya, wani wuri da aka shata can ƙarshen fili. Sauran dawakai ne, su ke kare shi, su ke bangaje masu son kashe shi. In ya kai sai fili ya ɗauka, "Ya sha! Ya sha!" Shi ke nan fa. Ba a ba ka ko ƙwayar gyaɗa, sai dai a sake sabon zubi.

Isufu ɗan firit ne yana yaro, ba nauyi ba ƙarfi, amma wajen zilliya sai dai a bar masa. Zai nufo ka kamar zai shige cikinka, ka tattara ƙarfi ka kai masa kafaɗa, sai ka ji ka rungumi iska kana birgima a yashi, shi kuwa yana can gaba yana ƙyalƙyala dariya. Ba ya iya langa bakinsa a rufe. Babban dokinsa a lokacin wani ƙato ne mai suna Cha'ibu, sa'ansa, wanda in ya tsaya a gabansa ba mai wucewa. Har rigima ake yi wajen rabon gida, kowa na son Isufu ya zama ruwansa, da haka sunan ya bi shi.

Zamanin gyaɗa ne, zamanin da damina ke zuwa ba sai an roƙe ta da kuka ba. Tafkin bayan gari ya cika ya batse, su wuni suna iyo, su fito idanu jajur, su ɗebo yumɓu su gina shanu, su kafa musu ƙahoni da ƙayar aduwa, har faɗa suke haɗa su. Awakin da aka ba su kiwo kuwa suna can cikin waken wani, sai an jiyo ashar daga nesa a tuna da su. Da kaka su bi gonakin da aka cire gyaɗa suna roro, su tara karmami su babbake, su ci bakinsu ya yi baƙi ƙirin. Su bi kurege har raminsa, su yi ta tono rana na dukansu, ƙarshe ya fita ta wata ƙofa ya bar su da ƙasa a ka, su zube suna dariyar juna. Su kama fara su jera a tsinke su gasa, su ci rabi su jefi juna da rabi. Da la'asar sakaliya, in yashin jigawa ya huce, sai langa, har sai ba a ganin mashaya. Uwar Isufu, Inna Shatu, da tsumagiya take biyo shi. Ku ji da kyau fa: da duka ake kai yaro gaban akushi a garin nan, don ya ƙi barin wasa ya zo ya ci tuwo.

Ya girma kamar kowa. Ya gaji gonar ubansa, ya auri Baiwa, da damina yana gona, da rani yana Kano da garewaninsa. Fari na farko ya cinye masa saniya da jaki. Ana cikin haka sojoji suka karɓi mulki, rediyo ya yi ta faɗin cewa an yi sallama da yunwa. Bayan kamar shekara goma fari ya dawo ya tarar da mutane inda ya bar su. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, ko kan kirki bai fitar ba. Isufu ya ce to, bari ya yi sammakon tafiya Kano bana. Ashe can ma masu kaki ne ke riƙe da ƙasa, kuma sun garƙame iyaka. Waɗanda suka bi ta daji wasu sun tsallake, wasu an dawo da su ba takalmi ba hula. Shi sau ɗaya ya gwada, ya dawo da shatar bulala a baya da kunyar shiga gida hannu biyu. A karo na farko tun yana saurayi, rani ya same shi zaune a Tudun Kanya.

A wannan zaman ne ya ga ɗansa da kyau. Iliyasu ba shi ne ɗan fari ba, don haka babu kunya tsakaninsu, yana kiran sunansa gatsau, yana jan sa da hira. Amma da can ganin damina yake masa, ganin gona da gajiya. Yanzu da ya zauna sai ya lura yaron nan, ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka, zaman tsofaffi yake yi. Zai jingina da rumbun da ba komai a ciki, ya haɗa kai da gwiwa, ƙuda na yawo a fuskarsa ko korewa ba ya yi. In ya tashi, to aiki ne. Ya bi mata ɗiban anza da ganyen jiga, ya tone gidan tururuwa ya kwashe 'yan tsabar da suka tara, ya kama fara ya ƙulle a riga, kuma wallahi ka taɓa masa ɗaya sai ya nemi cizon ka. Duk abin da Isufu ya yi don nishaɗi, ɗansa na yin sa fuska a murtuke don a samu abin zuba wa tukunya. Ba shi kaɗai ba, duk yaran garin haka suke. Ƙauye guda, da la'asar ba ka jin ihun yaro ko ɗaya.

Abin ya tsaya wa Isufu a rai fiye da yunwar kanta. Ya zare kara daga danga ya zauna ya ƙera masa mota, da ƙafafu masu juyawa da komai, irin wadda a zamaninsu sai an yi dambe a kanta. Iliyasu ya sa hannu biyu ya karɓa ya ce, "Na gode, Baba." Da yamma Isufu ya ga ƙafar motar na leƙowa daga murhu, yaron ya kakkarya ta ya ba uwarsa ta hura wuta.

"Maigida, ka bar yaron nan ya huta," in ji Baiwa. "Cikin da ba komai ne zai yi tsalle?"

"In waɗannan shekarun suka wuce shi bai yi ba, yaushe zai yi?" in ji Isufu. "Yunwa za ta wuce, Baiwa. Ƙuruciya in ta wuce ba ta dawowa."

Abin da yake so ke nan a duniya, ba wani abu ba: ya ga yaron nan ya yi wasa, wasa na banza da wofi, ya yi dariya har ya faɗi ƙasa, ko da sau ɗaya ne.

Da bazara ta kama, zafi ya kai inda ya kai, sai ga Cha'ibu bisa keke. Tsohon dokin nan yanzu shi ne sarkin samarin yankin, ya yi hula sabuwa, kuma shi kaɗai ne a cikin sa'o'insu wuyansa bai zama tsinke ba. Suka gaisa, ya zauna bakin tabarma, ya ce wani babban baƙo mai kaki zai zo Matameye daga birni ran kasuwa. An ce a nuna masa jama'a na nan daram, al'ada ba ta mutu ba. Za a yi kiɗa, za a yi kokawa, kuma kowane ƙauye ya kawo yara a yi langa.

"Ƙauyen da ya ci, buhun dawa," in ji Cha'ibu. "Jar nan ta taimako. Na ce musu a Tudun Kanya akwai wanda ya san langa fiye da kowa."

"Ashe akwai buhun?"

"Yana nan a mangaza, ɗakin ajiyar gwamnati, na gan shi da idona."

"To in yana nan a raba mana! Sai yaran mutane sun yi tsalle da ƙafa ɗaya tukuna? Cha'ibu, ka dubi yaran garin nan kuwa? Da ƙafa biyu ma da ƙyar suke tsayuwa."

"Kai dai ba ka canja ba. Ni aiko ni aka yi. In ba ku zuwa, wasu za su je su ɗauke, ka zauna nan ka ci zuciya."

Isufu ya zage shi tas, zagin da sai sa'a ke yi wa sa'a, har ya haɗa da hular. Cha'ibu ya kaɗe rigarsa ya hau keke. Amma bai kai bakin gari ba Isufu ya aika a ce masa za su zo. Ba buhun kaɗai ya ja shi ba, ko da yake ƙarya ne a ce bai ja shi ba. Shi lissafinsa, langa ba ta barin wanda ya kama ta. In dai yaro ya riƙe yatsa ya yi tsalle biyu, ya ga wani ya kife a yashi, dariya za ta kuɓuce masa ko ya so ko bai so ba. Ya ce a ransa, bari masu kaki su kawo buhunsu, shi kuma ya saci wasa ya ba ɗansa ta bayan fage.

Ya tara yaran a tsohuwar jigawarsu, ya share tsidau da ƙarangiya da hannunsa. Mata suka yi karo-karon dusa ana dama musu ɗan kunu kafin a fara. Ranar farko abin tausayi ne, ba wanda ya ture wani, da kansu suke zubewa, jiri na ɗibar su. Amma yaro yaro ne, sannu a hankali ƙafa ta fara zama. Iliyasu kuwa, tabarkalla, jinin ubansa ne sak. Sau ɗaya aka nuna masa zilliya ya ɗauke ta, har ya ƙara da tasa. Ba gardama aka ce shi ne ruwa.

Wata la'asar wasa ya yi zafi. Iliyasu ya ratso tsakiyar fili, dawakai na faɗuwa dama da hagu, sai tsohon jini ya motsa wa Isufu, ya manta shekarunsa, ya manta shekarar da ake ciki, ya daka tsalle ya kware baki:

"Ga ruwa nan! Ruwa ya taho! Ku tare ruwa!"

Yara suka ɗauka baki ɗaya, "Ruwa! Ruwa! Ga ruwa nan!"

Wayyo. A bazarar da kowa ke kwana yana tashi idonsa na gabas! Matan da ke zaune bakin rijiya suna jiran ta tsatso suka watse da gudu, kowace na neman ƙwarya da tulu ta tara. Maza suka fito daga zaure suna gyara wando, wani har ya ɗauko sungumi da ɗan irin da ya ɓoye. Suka ɗaga kai, sama fes, ko gizagizai babu. Aka tsaya cirko-cirko ana kallon juna, sannan aka juyo ana kallon jigawa.

Inna Shatu ce ta fito daga baya. Tsufa ya rufe mata ido, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Ta dafo danga ta fito har tsakiyar hanya, ta buɗe tafin hannu biyu, ta ɗaga fuska sama tana "Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi," tana jiran ɗigon farko. Dole Isufu ya tako ya zo ya tsaya a gabanta.

"Wane ne? Isufu? Ban ji ƙamshin ƙasa ba."

"Inna, langa ce. Yara ne ke langa."

Ta daɗe hannuwanta a buɗe kafin ta sauke su. Ta ce, "Da girmanka. Allah ya shirye ka." Ta juya tana laluben danga.

Bayan magariba liman ya kira shi, dattawa na zaune. Ba su hana langa ba, su ma sun san da buhun. Amma sun ce kalmar nan kada a sake ɗaga murya da ita a fili, mutane na cikin wani hali, kuma abin ya yi kama da izgili ga rahamar Ubangiji. Kashegari ya gaya wa yaran, ya ce sai a nemo wani suna, ko sarki, ko ango, ko wani abu.

"Mu ce buhu mana," in ji Iliyasu. "Ai shi muke nema."

Isufu ya dube shi ko zai ga alamar tsokana a bakinsa. Babu. Sauran yaran ma ba wanda ya yi dariya, kai kawai suka gyaɗa, kamar dattawa sun yanke magana. Daga ranar sai ka ji jigawa ta ɗauka, "Ku tare buhu! Buhu ya wuce!" Duk ihu ɗaya kamar an watsa wa Isufu barkono a ido. Kuma ya lura da wani abu: in yaro ya faɗi ba a yi masa dariya, zagin sa ake yi. "Kai za ka ja mana!" Mai rauni a kore shi gefe yana kuka. Isufu ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya faɗi da gangan a gabansu ƙafafu sama don su dara. Suka tsaya suna jiran ya tashi a ci gaba.

Ran kasuwa suka yi sammako a ƙasa zuwa Matameye. Kasuwar ranar masu sayarwa sun fi masu saye. Ga mai ƙyauren ɗakinsa a ka, ga mai tasoshin aurenta, ga awaki da ƙashin haƙarƙari a waje ana ba da su kamar kyauta. A gefe guda kuwa an kafa rumfa, an jera kujeru, an ɗaura tutoci, an jero 'yan lakwal, yaran makarantar boko, suna koyon tafi. Jandarmomi na kora mutane baya da bel. Aka zaunar da yaran ƙauyuka a rana tun hantsi, baƙo bai iso ba sai da azahar ta gota. Kuma don a cika rashin imani, aka ɗauko buhun aka ɗora bisa tebur a gaban rumfa, daidai inda kowane yaro zai gan shi. Wanda ya kawo wannan dabara, ko wane ne shi, Allah ya isa tsakaninsa da yaran nan.

Aka yi jawabi, aka yi kiɗa, aka yi kokawa, sannan aka busa usur aka ce langa. Abin da aka yi a filin nan dai sunansa langa. Ba zilliya, ba tsokana, sai gwiwar hannu da ƙulli da yakushi. Yara na faɗuwa suna tashi da jini a hanci, iyaye na gefe suna ihu, "Kashe shi! Ture shi!" Mutanen rumfa na shan lemo mai sanyi suna nuna wanda ya burge su. Tudun Kanya ta yi ta ci har ta kai zubin ƙarshe.

Waɗanda suka rage musu yaran wani ƙauye ne na wajen Tsauni, inda Maryama ƙanwar Isufu ke aure. Ɗanta Sani na cikinsu, shi ne babban dokinsu. Sani da Iliyasu taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, abokan wasa tun suna rarrafe, ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Da aka jera su, Sani ya leƙo ya washe baki.

"Kai bawana! Yau a kasuwar nan zan sayar da kai, ko akuya ba za a ba ni ba."

Iliyasu idonsa na kan tebur.

Aka busa. Dawakai suka haɗu, ƙura ta tashi, aka yi ta zubewa har fili ya rage mutum biyu, Iliyasu da Sani, kuma Sani ne tsakaninsa da mashaya. Sani na tsalle a wuri ɗaya, ya ware hannu, har yanzu da murmushi a bakinsa. Shi kam a ransa wasa yake da taubashinsa. Fili ne a buɗe ta hagu, zilliya ɗaya ta isa, irin wadda Iliyasu ya fi kowa iyawa. Isufu na bakin layi yana ihu har muryarsa ta dushe, "Zille masa! Iliyasu, zille!"

Bai zille ba. Zilliya ana iya kuskure ta, shi kuwa bai zo yin kuskure ba. Ya sunkuyar da kai ya nufi Sani gadan-gadan, ya sa masa gwiwar hannu a maƙogwaro da duk ɗan ƙarfin da ya rage masa. Sani ya tafi da baya, ya faɗa kan hannun da ke riƙe da ƙafarsa. Har bakin layi aka ji ƙarar ƙashin. Iliyasu ko waiwaye. Ya yi ta tsalle ya kai mashaya, bai tsaya nan ba, ya zarce har gaban rumfa ya ɗora hannu bisa buhun ya riƙe. Rumfa ta kwashe da dariya. Babban baƙo ya miƙe yana tafi, ya shafa kan yaron, mai hoto ya ɗauka. Aka faɗa a lasifika cewa ga shaida nan, al'adun gargajiya na nan da ransu.

Isufu ya kutsa ya isa inda Sani ke kwance yana shure-shure, hannu ya lanƙwashe ta inda ba gaɓa. Maryama ta riga shi. Ta cire ɗankwalinta tana ɗaure hannun, ba ta kuka, ba ta ɗaga kai ba.

"Maryama..."

"Sannu da ƙoƙari, Yaya," ta ce. "Ka koya masa da kyau."

Ta goya ƙaton yaro a baya ta nufi gidan maɗori. Cha'ibu ya iso yana fara'a yana cewa ai ga shi an ci, a zo a ɗauki kaya. Isufu ya dube shi ya ce, "Kai ka taɓa zama dokina?" Bai jira amsa ba. Ya je ya fizgo Iliyasu daga jikin tebur, ya ja shi bayan rumfa, ya ɗaga hannu zai kwaɗa masa mari. Yaron bai kauce ba, bai kare fuska ba, ya dube shi da mamaki na gaskiya.

"Baba, ba mun ci ba?"

Hannun ya sauka da kansa. Wa zai mara? Yaron da ya yi abin da aka tara su a yi?

Da aka raba buhun gida-gida a Tudun Kanya, abin da ya zo wa Isufu ƙwarya ɗaya ta ɗauke shi. Ya raba biyu, Baiwa na kallo, ya ƙulle rabi ya taka har wajen Tsauni. Ya so a ce Maryama ta watso masa dawar a fuska, da ya ji sauƙi. Ba ta watso ba. Tana da ƙanana a ɗaki, ta sa hannu ta karɓa ta shige ciki. Hannun Sani ya ɗoru, amma a karkace, har ya girma ba ya miƙe shi sosai. Dawar kuwa ba ta yi mako ba.

Ruwa na gaskiya ya sauka bayan 'yan makonni, kuma daminar ta yi kyau. Wanda ya samu iri ya shuka, gero ya yi kai, tafki ya cika, rumbuna suka ga abin da suka manta. Inna Shatu ta ji ƙamshin ƙasa kafin Allah ya karɓi abinsa cikin kaka. Yara suka murmure, kumatu suka fito. Isufu ya ce to, yanzu ne. Yanzu ba yunwa, ba rumfa, ba mai kaki, ba uzuri.

Wata la'asar bayan an gama ɗaurin dammuna, yashi ya huce, ya je jigawa ya share ta tas, ya shata mashaya da ƙafa. Ya tara roron gyaɗa da karmami a gefe. Ya bi gida-gida ya kira yaran, suka zo don girmansa, suka tsaya a jere. Ga mutum ya doshi arba'in, da furfura a gemu, ya naɗe wando ya kama yatsan ƙafa yana tsalle a gabansu yana washe baki.

"To, a raba gida! Wa zai kashe ni? Iliyasu, zo ka gwada ubanka!"

Iliyasu ya ƙoshi, ya yi tsawo, har wuyansa ya yi kauri. Ya dubi filin, ya dubi mashaya, ya dubi bayan mashaya. Cikin ladabi ya yi tambayarsa, ba raini a ciki ko kaɗan.

"Baba, me za a ba mu?"

"Ba komai! Wasa ne, ɗan nan. Wasa kawai."

Yaron ya juya maganar a ransa, da gaske yake son ya gane ta. Sannan ya ce, "To, in ba komai, bari in je in ɗaure awaki kafin magariba."

Ya juya ya tafi. Sauran suka dubi juna, suka bi bayansa ɗaya bayan ɗaya.